Hoton Nama a Shafin Mahauci

Ajin da nake koyarwa a saman bene yake kusa da Tina Junction, ƙasanmu mai gyaran janareta, gefenmu mai sayar da katifa. Idan mai janareta ya tashi gwada aikinsa sai in harɗe hannu in yi shiru har ya gama, domin ko ni da ake cewa na cika murya ba na iya gasa da shi. A wannan ɗakin na yi shekaru ina koya wa mutane yadda ake gina shafin intanet tun daga tushe. Ba yara ba ne ɗalibaina. Akwai teloli, akwai masu shago, akwai waɗanda suka gama makaranta suna jiran aikin da bai zo ba.

Ban taɓa raba wa kowa wurin zama ba, amma kowane sabon aji shi yake raba kansa tun ranar farko. 'Yan Anguwan Rukuba da sauran Kiristoci su tare ta wajen taga, mu Musulmi mu tare ta wajen ƙofa. Ana gaisawa, ana aron caja, ana miƙa wa juna gyaɗa. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, shi ne maganar addini da duk abin da ya jiɓance shi. Ba wanda ya kafa wannan doka, duk wanda ya girma a Jos ya san ta. Ni kuwa har taƙama nake yi da ita, ina gaya wa ƙawayena cewa ajina bai taɓa ganin ko cacar baki ba.

Aikin ƙarshe da nake ba kowa shi ne ya gina wa wata sana'a da ya sani shafi. Ba wani abu mai wuya ba: suna a sama, bayani kaɗan, hoto, lambar waya. Amma ga wanda bai taɓa yi ba, ranar da ya ga rubutunsa ya fito a fuskar kwamfuta kamar na manyan kamfanoni, sai ka ga babban mutum yana murmushi shi kaɗai.

A wannan shekarar akwai wata ɗaliba da na fi ji da ita, 'yar wani mahauci a Abattoir, mayankar garin. Ta gama difloma, ba ta da surutu, kuma ita kaɗai ce ba na bi ina rufe mata alamomin HTML da ta bari a buɗe. Mahaifinta yana da tebur a wurin tun kafin a haife ta, shi ma a hannun ubansa ya gada, wanda ya zo garin zamanin haƙar kuza yana sayar wa lebura nama. Yawancin cinikinsa na matan da ke dafa abincin biki ne da masu gidajen abinci. Ta ce shi za ta gina wa shafi, kuma ba za ta gaya masa ba sai ya kammala, tana so ta ba shi mamaki.

Da muka zo darasin saka hoto na ce kowa ya je ya ɗauko na sana'arsa da wayarsa. Washegari kowa ya zo da nasa ban da ita.

"Ina naki?" na tambaye ta.

"Malama, na je na ɗauka, na goge."

"Saboda me?"

"Ƙuda, jini, takardar siminti. Wa zai ga wannan ya yi sha'awar saye?"

Na yi dariya, domin gaskiya ta faɗa. Na nuna mata wuraren da ake samun hotuna kyauta a intanet, kamar yadda nake nuna wa kowa. Ta rubuta cewa tana neman ɗanyen nama, hotuna suka zubo, ta zauna tana zaɓe kamar mai zaɓen atamfa. Wanda ta ɗauka kyakkyawa ne ƙwarai. An yanyanka naman fale-fale, launinsa bai yi ja sosai ba, ga farin kitse ya zagaye gefensa, an jera shi a kan katako da ɗan ganye a kusa. Na leƙa na ce ya yi. A zuciyata na ce ragunan Turawa ma sun fi namu hutu, dubi yadda namansu ya yi haske.

Ranar nuna aiki muka kunna furojekta, kowa ya fito ya nuna nasa a bango. Telan cikinmu ya nuna shafinsa da rubutu kore a kan ja, har sai da idanunmu suka yi ruwa. Wata mata 'yar ƙabilar Ibo, mai shagon kayan masarufi a nan mahaɗar, wadda duk muke kira Madam, ta nuna nata, ta cika shi da hoton gwangwanayen madara. Ita ce babbar ajin, uwar 'ya'ya, mai yawan raha, ita ke kawo mana biskit idan ya kusa lalacewa. Sai 'yar mahaucin ta fito. Sunan mahaifinta ya bayyana a bango da manyan baƙaƙe, ƙasansa an rubuta cewa naman halal ne yankan safiya, ƙasan wannan kuma hoton ya cika rabin bango.

Ɓangaren ƙofa suka tafa da ƙarfi. Ɓangaren taga suka tafa sama-sama, Madam ta yi tari ta duƙar da kai tana duba jakarta. Na ɗauka ƙyashi ne, tunda aikin yarinyar ya fi na kowa. Har tsiya na yi musu, na ce wannan tafi naku kamar ba ku karya ba. Suka yi 'yar dariya suka ƙara tafawa.

A ranar muka ɗora shafukan a intanet. Kafin ta sauka daga benen ta tura adireshin nata zuwa guruf ɗin matan unguwarsu da mahaifiyarta ke ciki, da lambobin masu dafa abincin da ta kwafo daga wayar mahaifinta. Shi ƙaramar waya yake riƙewa, ta kira da amsawa kawai, don haka sai daga baya zai ji labari a bakin mutane. Haka ta tsara. Ta sauka tana tsalle-tsallen matakala kamar ƙaramar yarinya.

Ranar darasi na gaba, da safe, ina cikin rubutu a allo sai ta shigo idanunta a kumbure. Bayanta wani dattijo ne dogo, siriri, da hular saƙa da rigar sanyi a kan kaftani, hannayensa duk tabon wuƙa. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba sai da na ce bismillah.

"Malama, ni ne mahaifinta," ya ce. "An ce akwai hoton namana a wurinki. Ina so in gani."

Na ji daɗi ma da farko, na ɗauka godiya ya zo yi. Na ba shi kujera, na kunna furojekta. Hoton ya fito a bango. Ya tashi ya matsa kusa har inuwarsa ta rufe gefe ɗaya, ya daɗe yana kallo, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Wannan ba saniya ba ce," ya ce a hankali. "Ba rago ba ne, ba akuya ba ce. Raƙumi ma na taɓa fiɗa, ba haka yake ba."

Ya juyo ya dube ni.

"Tun shekaranjiya ake kirana ana zagina. An ce alade ne. Ni ban taɓa ganin namansa ba, ɓangaren masu yanka shi daban yake can gefe, ban taɓa taka wurin ba. Shi ya sa na ce bari in zo in tambayi masu ilimi. Shi ne?"

 Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ba ni da abin da zan kafa hujja da shi, domin ni ma ban taɓa gani ba. Aladen da na sani shi ne mai rai, wanda ake hangowa a bayan mota. Na juya wajen aji na ce ko akwai wanda ya sani. Ɓangaren ƙofa suka zuba mini ido. Ɓangaren taga kuwa kowa ya sami abin kallo a kan teburinsa. Tun daga wannan sunkuyar da kan na san amsar, amma na ƙi yarda, na sake tambaya da ƙarfi.

Madam ce ta ɗago.

"Ma, shi ne."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Ma. Pork ne."

Yarinyar ta zauna a ƙasa a inda take tsaye, ta rufe fuska da gyalenta. Dattijon ya ce innalillahi sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa, ya koma kujerarsa ya dafa gwiwoyinsa.  Amma duk wannan bai kai abin da ya biyo baya ba. Na dubi Madam na ce yaushe ta gane.

"Tun ranan da ya nuna, Ma."

"Ranar da kuka tafa?"

 Na bi sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya, na ce wa da wa suka gane tun ranar. Hannu ya fara tashi, wani ya biyo, wani ya biyo, har ba wanda ya rage a ɓangaren taga. Rabin ajina. Mutanen da nake raba gyaɗa da su. Sun ga naman alade a ƙarƙashin sunan mahauci Musulmi, an rubuta halal a kansa, sun ga muna ɗora shi a intanet, sun ga yarinya tana turawa duniya, kuma ba wanda ya ce uffan.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi a aji ba. Na faɗi maganganu. Na ce ashe zaman munafurci muke yi, na ce da kura ce ta shigo ɗakin ma haka za su yi shiru su tafa mata. Madam ta bari sai da na gaji.

"Ma, ki ji ni," ta ce. "Yarinyan nan Musulmi ne, babanshi mahauci. Idan na tashi a gaban class na ce naman babanka alade ne, me za a ce? Za a ce Madam ya zagi Musulmi. Kafin yamma magana ya kai junction. Ni ina da shago a wurin nan, Ma. Ina da yara."

"To ki ja ni gefe mana. Ni kaɗai."

"Na bi ki, Ma. Har stairs na bi ki." Ta goge ido da bayan hannu. "Sai na ce a raina, ke ma Musulmi ne."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Matar da ke kirana 'yarta idan ta ga na gaji, ashe a kan matakala ta tsaya ta auna ni, ta ga ba za ta iya amincewa da ni a kan kalma ɗaya ba. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, da na tambayi kaina ko da ta faɗa zan karɓa da hannu biyu, ban sami amsa da wuri ba.

Wani saurayi daga bayanta, mai gyaran waya, ya so ya wanke kansa sai ya ƙara dagula lamarin.

"Ni dai na ɗauka ko suna sayarwa ne a ɓoye, Ma. Business ne. Na ce ba ruwana."

Dattijon ya ɗago ya dube shi. Saurayin ya mayar da kansa ƙasa.

Cire hoton bai ɗauke ni komai ba. Na goge layi ɗaya, na sake ɗora shafin, bangon ya koma fari da sunansa kaɗai.

"Shi ke nan ya fita?" ya tambaya.

Na ce ya fita daga shafin. 'Yarsa ta miƙo mini wayarta ba tare da ta ɗago ba. Wani ya riga ya ɗauki hoton fuskar shafin gaba ɗaya, da sunan, da lambar wayar, da kalmar halal, ya zagaye naman da jan layi, ya rubuta gargaɗi ga Musulmi a ƙasa. Daga guruf ɗin mata ya shiga na masallatai, daga can ya shiga na 'yan kasuwa. Har wata 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari ta turo mata tana tambaya ko gaskiya ne. Na yi ƙoƙarin yi wa dattijon bayani cewa wannan kwafin ba ya hannuna, yana cikin wayoyin mutane, ba ni da ikon shiga in goge. Ya saurara har na gama.

"Wato kin iya sakawa, ba ki iya cirewa ba."

Na ce haka ne, Baba.

Ya miƙe, ya ce a rufe shafin gaba ɗaya, ya kama hannun 'yarsa ya tashe ta. Bai yi mata faɗa ba, ko a gabanmu ko a gida, ita ta gaya mini daga baya. Ta ce da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Bayan kwana biyu na ɗauki kwamfutata na je Abattoir wurin sarkin fawa. Ya tara manyan mahauta a ƙarƙashin rumfa, na nuna musu inda hoton ya fito, da sunan baƙon da ya ɗauke shi a wata ƙasa, da bayanin da ke can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe wanda ba mu karanta ba. Ba su ma bari na gama ba. Suka ce sun san dattijon, sun san ubansa, ko mafarki aka ce ya yi da wannan abu ba za su yarda ba. Na dawo gida da sanyin zuciya, ina ganin an kashe wutar.

Na manta cewa mahauta ba su ne masu saye ba. Matan da ke dafa abincin biki suka fara kira ɗaya bayan ɗaya suna ba shi haƙuri. Kowacce sai ta ce ita kam ta yarda da shi, amma masu bikin za su tambaya a ina ta sayo nama, kuma ba ta son dogon bayani. Mun rubuta bayanin gaskiya mun tura duk inda muka iya. Mutane kaɗan ne suka tura shi gaba. Hoton mai jan layi kuwa ya ci gaba da yawo, ya ɓace, ya sake ɓullowa a wani guruf kamar sabo.

Ajin bai koma yadda yake ba. Yarinyar ta ci gaba da zuwa har muka gama, tana yin duk aikin da aka ba ta, amma ba ta sake ɗaga hannu ba. Ni kuma duk sanda na saka wani abu a bango sai in tsinci kaina ina leƙen fuskokin ɓangaren taga, ina neman abin da suka gani wanda ban gani ba.

Madam kuwa abin ya tsaya mata a rai. Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, sai ta yi da ƙafa. Ta daina sayen nama a inda ta saba, ta koma teburin dattijon. Ta jawo matan cocinsu, ta jawo maƙwabtanta na Anguwan Rukuba, har mai gyaran wayar nan ta tasa a gaba. Da ma yana da masu saye Kiristoci tun da daɗewa, kamar kowane mahauci a garin, yanzu sai suka ƙaru. Da na ji labari na ji daɗi har na je shagonta na rungume ta. Na ce ko ba komai mutumin zai riƙa sayar da abin da ya yanka.

Wata Asabar da safe muka haɗu da ita a bakin Abattoir, ita da jakarta, ni da tawa. An yi ruwa, ƙasa duk caɓi, muna tafe muna tsallake kwata muna hira. Teburan da ke kusa da nasa cike suke da mutane, ana ciniki ana sara. Nasa ba kowa, ga cinyar saniya a rataye ko taɓa ta ba a yi ba. Da ya hango mu ya miƙe, muka gaisa, ya tambayi gida da yara. Madam ta nuna cinyar ta ce a yanka mata daga nan.

Bai ɗauki wuƙa ba. Ya goge hannunsa a jikin ƙyallen da ke kafaɗarsa, ya sake gogewa.

"Madam, don Allah ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ya ce. "Ki daina zuwa teburina. Ki gaya wa 'yan'uwanki su ma."

Ta tsaya da jaka a buɗe.

"Baba, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Alheri kika yi, na sani, Allah ya saka. Amma duk sanda kuka taru a nan ana kallo. Jiya a bayan kunnena wata ta ce, ga shi nan, masu cin abin sun gane wurin."

 Na waiga, na ga kuwa wasu mata biyu a teburin gaba sun bar cinikinsu suna kallonmu. Na so in yi magana, in tafi wurinsu in zazzage musu abin da ke cikina, ya ɗaga mini hannu kaɗan alamar in bari.

"Har waɗanda suka fi shekara ashirin suna saye a wurina na sallame su," ya ce. "Wata tun tana goyo take zuwa, yanzu jikanta take aikowa. Jiya na mayar da shi."

"To wa zai saya, Baba?" in ji Madam. 

 Ya kira maƙwabcinsa, ya ce ga baƙuwarsa nan, a ba ta wuri mai kyau, kada a cika mata ƙashi. Madam ta daɗe a tsaye, sannan ta rufe jakarta ta taka zuwa teburin gaba, ba ta waiwayo ba.

Ya bi ta da ido har ta isa. Sannan ya jawo wuƙarsa, ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya dube ni.

"Malama, ke kuma ina za a yanka miki?"